Injin Zarto, Kat-kat da Giginyar Dallol Mauri

Jama'a masu sauraro, na cikin garin Gaya da na karkara, mutanen Tanda da Tunuga, na Bana da Bengu da Yelu, da 'yan'uwanmu na tsallaken kogi a Malanbil, da na Kamba da muryarmu ke isa gare su,  yau shirin namu zai shiga daji, kuma zancen na masu aikin itace ne: mai injin zarto da yaronsa, mai tsaga azara, direban da ke kwaso kaya, mai amalanke, da mai gonar da ake sare itace a cikinta. Uwargida, kada ki ce ba ruwanki. In mijinki ko ɗanki na wannan sana'a, akwai abin da za ki tambaye shi yau da dare.

Allah ya yi wa yankinmu baiwar da sauran Nijar ba ta samu ba. Nan ne aka fi samun ruwan sama a duk faɗin ƙasar, wajen milimita 800 a shekara. Ga kogin Kwara, ga Dallol Mauri da Dallol Foga, ga dajin gwamnati na Goru Basunga a bakin gari, wanda aka keɓe tun 1937, faɗinsa kusan hekta dubu goma. Sai kuma abin da ake yi mana kirari da shi, wato giginya. Babu wani wuri a Nijar da ke da kurmin giginya kamar wanda ya bi Dallol Mauri ya gangaro bakin kogi. Azarar da ke riƙe da rufin ɗakuna a Doso da Yamai, da yawanta daga nan ta tashi. Murucin da mata da yara ke dafawa suna sayarwa, har ana ɗaukarsa a buhuna zuwa Nijeriya, daga nan yake. Ganyen giginya tabarma ne da mafici, hannuwanta shinge ne da kujera da gado, 'ya'yanta abinci ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Amma giginya ba ta da gaggawa. Ƙwallon da ya faɗi bana, in ya tsira daga mai haƙar muruci, zai yi shekaru yana fitar da ganye a ƙasa, ba gangar jiki ko taƙi ɗaya. Kafin ta miƙe, ta yi wannan kumburin na tsakiya, ta ƙosa har a sami azarar da gara ba ta ci, an kwashe shekaru gommai. Wanda ke tsaga azara yau, gumin kakansa yake ci, ko kuma haƙurin kakansa da ya ga tsiro a gona ya kauce masa da garma. Injin zarto kuwa, in sarƙarsa na da kaifi, kafin a tafasa shayi ya kwantar da ita. Wannan tazara da ke tsakanin saurin inji da jinkirin itace ita ce damuwata, kuma duk abin da zan faɗa yau daga nan ya taso.

Ni ba na cikin masu cewa a jefa injin a kogi. Duk wanda ya taɓa wuni yana dukan gindin giginya da gatari ya san abin da injin ya raba mutane da shi. Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ne ya fito da zarton lantarki a 1926, bayan 'yan shekaru ya yi mai shan fetur, kuma har yau sunansa ne ke jikin injinan da masu sana'a suka fi yarda da su, tare da Husqvarna ta ƙasar Suwidin. Yanzu ga na Sin masu araha sun cika kasuwa, saurayi na iya tara kuɗin kabu-kabu ya sayi nasa. Sai dai a ƙasashen da aka ƙera shi, ba a ba ma'aikaci shi sai ya yi horo. A nan kuwa ana sayensa da safe, da la'asar an shiga daji.

Mu fara da takarda. Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004, ta tanadi kariya ga wasu itatuwa, kuma giginya na cikin waɗanda ake karewa, haka goriba da gawo da kuka da tsamiya da kaɗanya da ɗorawa da maɗaci. Ko a gonarka itacen yake, ba ka kayar da shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Tun 1992 kuma aka yi dokar kasuwannin itace na karkara, wadda ta ba ƙauyuka damar kula da dajinsu, su sayar da itacen bisa ƙa'ida, a raba harajin tsakanin ƙauye da hukumar yanki da baitulmalin gwamnati. Dattawan Dallol za su tuna aikin raya giginya da aka yi da tallafin Suwizalan, da yadda a shekarun 1990 aka juya akalar, aka kafa kwamitocin ƙauyuka da masu gadi 'yan gari. Dalilin juyawar shi ne an gane cewa muddin manomi na ganin giginya a matsayin dukiyar gwamnati da ke tsaye a gonarsa tana jawo masa tara, to ba zai bar tsironta ya rayu ba. Da aka ce ribar za ta shigo ƙauye, sai ido ya yawaita a kan kurmin. Saboda haka mai injin da ya shiga da dare ya kayar da giginya ba takarda, aljihun ƙauyensu ya yanka, kuɗin gyaran rijiya da na ajin makaranta ya ɗauke.

Mu da ke zaune a kan iyakoki uku, akwai wani abin lura. Inji da ma'aikacinsa suna tsallaka iyaka cikin sauƙi, a bayan babur ko cikin kwale-kwale, amma kowace ƙasa da dokarta. A Benin, dokar daji ta 1993 ta hana tsaga katako da injin zarto. Gana ma ta hana tun 1998. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɓarna: bakin sarƙa na da kauri, duk yanka ɗaya yana mayar da abin da ya kusa santimita guda na katako ya zama gari. Ka lissafa yanka goma a gungume ɗaya ka ga allo nawa suka bi iska. Wanda aka kira shi aiki a tsallake, ya tambayi dokar wurin tun kafin ya tayar da inji.

Ku dubi abin da ya sami madobiya. 'Yan shekarun baya, da kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta buɗe baki tana neman jan katako, aka bi dazuzzukan Afirka ta Yamma da injina, daga Gambiya da Senegal zuwa Benin da Nijeriya, ana loda gungume a kwantena. Cikin ƙanƙanin lokaci wuraren da madobiya ta yi ɗaruruwan shekaru suka zama fili. A farkon 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2022 kuma aka dakatar da cinikinta tsakanin ƙasashe. Wa ya fi jin jiki? Makiyayi, domin ganyen madobiya ne abincin dabbobinsa a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Masu kwantena sun tafi da ribarsu, yaran da suka yi yankan an biya su na yini. Ba na so mu wayi gari ana ba da labarin giginyar Gaya da irin wannan murya.

To, yanzu ga ku masu riƙe injin. Ɗan'uwa, ka ba ni kunnenka, domin wannan ɓangaren jikinka ya shafa.

Sarƙar injin nan na gudun kusan mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ba ta yanka nama kamar wuƙa, yagarsa take yi, ta cusa datti da mai a ciki, shi ya sa raunin ke wuyar ɗinki. Haɗarin da ya fi kisa shi ne tsallen da inji ke yi baya: in saman kan takobin, wato can ƙarshen baki ta sama, ya taɓa reshe ko dutse ko wani gungume, injin zai yi sama ya nufo fuska da wuya kafin ka ƙifta ido. Maganinsa uku ne. Kada ka yi yanka da kan baki. Ka riƙe da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin. Sannan birkin sarƙa, wannan marfin da ke gaban hannun hagu, ya kasance yana aiki. Sau da yawa za ka ga ya karye an cire shi an yar, wai yana hana sauri. Injin da ba birki, kada ka karɓe shi haya ko da kyauta ne. Kada ka yi yanka sama da kafaɗarka, kada ka hau itace ko tsani da inji a hannu, kada ka tayar da shi a sama kana wurga shi da hannu ɗaya. Ka aje shi ƙasa, ka taka mariƙin baya, sannan ka ja igiya.

Na san abin da za a ce game da kayan kariya: zafi, da tsada. Gaskiya ne, zafin Gaya a watan Afrilu ba wasa ba ne. Amma mu duba abin da ke iya samuwa. Silifas ba takalmin aiki ba ne. Takalmi mai rufi, in da hali mai ƙarfe a baki, ana samunsa a gwanjo. Hular kwano irin ta magina ba ta fi ƙarfin kowa ba, kuma a ƙarƙashin giginya ta zama dole, domin ɗan giginya ɗaya ya kai kilo, in ya faɗo daga wannan tsawo kan mutum, sai dai wani ya ba da labari. Tabarau na kare ido daga gari. Kunne kuma, wanda kowa ke mantawa da shi: ƙarar injin ta haura ma'aunin desibel 100, alhali likitoci sun ce daga 85 kunne ke fara lalacewa in an daɗe. Kurumtar ba ta zuwa rana ɗaya, a hankali take shigowa, kuma in ta shigo ba ta fita. 'Yan robobin toshe kunne kuɗinsu bai kai na litar fetur ba. Akwai wandon da aka yi musamman, cikinsa cike da zare mai tsawo wanda ke cushe sarƙa ta tsaya in ta taɓa cinya. Shi ne mai tsada, kuma ina ganin kwamitocin ƙauyuka da ƙungiyoyin masu itace su ne ya kamata su saye shi daga asusunsu, su riƙa ba da shi tare da aikin. Babbar riga da rawani mai jela kuwa a rataye su a gida.

Sai ƙwaya. Mai shan taramol don ya yi aikin mutum biyu, jikinsa ba ya gaya masa ya gaji, hannunsa na rawa bai sani ba. Maigida, in ka ga yaronka a wannan hali, karɓe injin, ranar ta wuce.

Kayar da itace kuma yana da tsari. Kafin a taɓa gindi, a ɗaga kai a duba ina ya karkata, ina iska ke kaɗawa, akwai busasshen reshe ko zuma a sama. A share hanyar gudu ta baya, a karkace, ba daidai bayan itacen ba. A fara yanke baki a gefen da ake so ya faɗi, sannan a zagayo baya a yanka, a bar wani ɓangare a tsakani ba a yanke ba, shi ne ke riƙe itacen yana bi da shi inda aka nufa. Wanda ya yanke gaba ɗaya ya saki itacen ya zaɓi inda ya ga dama. Kowa ya ja baya tsawon itacen sau biyu, kuma a kori yara, domin ƙarar inji na kiransu kamar gangar biki, ga shi mai yanka ba ya jin ihun kowa. Giginya na da nata hali: bayanta ne mai tauri, cikinta taushi gare shi, kuma wadda ta mutu a tsaye sau da yawa cikin ya ruɓe, tana iya karyewa tun ba a gama ba. Zarenta na dakushe sarƙa da wuri, ruwanta na cin ƙarfen jikin inji in an bar shi ya kwana ba a wanke ba. A ƙarƙashin busassun ganyen da suka zube kuma nan kububuwa ke kwanciya, sai a tone da sanda kafin a sa ƙafa.

In tsautsayi ya faru, a kashe inji, a sami tsumma mai tsabta a danne raunin da ƙarfi, a ɗaure, a ɗaga wurin sama, a nufi asibiti. Kada a zuba ƙasa, ko baƙin mai, ko fetur, ko toka. A tambayi allurar rigakafin tetanus. Kuma kada mutum ya shiga daji da inji shi kaɗai, ko da reshe ɗaya zai yanke.

Lafiyar injin ita ma a taƙaice. Ba shi da tankin baƙin mai kamar mota, a cikin fetur ake haɗa masa. Injinan Stihl da Husqvarna na son kashi ɗaya na mai cikin hamsin na fetur, wato mililita 100 a lita 5, in man na kirki ne. Da yawa daga cikin masu araha suna son ninkin haka, sai a duba takardarsu. Fetur ɗin kwalba da muke saye a bakin hanya a tace shi da ƙyalle, saboda ƙura. Baƙin man da aka juye daga mota ba man sarƙa ba ne, yana cinye famfo da takobi. In ka ga inji na fitar da gari mai laushi maimakon ɓarzajje, sarƙa ta dakushe, tsaya ka sa magagari. Dakusasshiyar sarƙa ita ke sa mutum danna inji da ƙarfi, daga nan ne ƙafa ke zamewa.

Mu koma kan masu taya. Itacen da aka kayar sai an fitar da shi, kuma a nan ne ake wata ɓarnar da ba a cika zancenta ba. Na ce ƙaramar giginya ganye ce kawai a ƙasa. Direban da ya bar hanya ya ratsa kurmi da motar kat-kat ko tsohuwar babbar mota don ya isa gindin gungume, bai san ya taka giginya nawa ba. Ya zo ɗaukar guda ɗaya mai takarda, ya kashe ashirin da ba wanda ya ƙirga. A fadama da damina abin ya fi muni: taya na danne ƙasa ta yi tauri, sawun ya zama hanyar ruwa, shekara biyu sai ka ga kwazazzabo. Shawarata ita ce babbar mota ta tsaya a bakin hanyar da aka sani, amalanken shanu ko na jaki ya fito da azarar zuwa wurinta. Mai amalanke ya sami na cefane, kurmi ya huta, mai mota ma ya tsira da sifirin ɗinsa.

Direbobin da aikinsu ya tilasta musu barin kwalta, hanyar Doso zuwa Gaya ba ita ce ma'aunin gwaninta ba. A yashi, a rage iskar taya, a sa giyar ƙarfi tun kafin a shiga, kada a tsaya a tsakiya; in an fito kan tsandauri a mayar da iskar. In mota ta kafe, ci gaba da taka totur binne ta yake yi. A sauka a haƙa, a sa allo. Ruwan da ke gudu a kan hanya, a taka shi da ƙafa da sanda tukuna, in ya kai gwiwa yana ja, a jira. Shebur, jak, allo biyu, igiya mai ƙarfi, famfon iska da jarkar ruwa kada su bar bayan mota. Lokacin jan mota kowa ya nisanci igiyar, domin in ta tsinke tana karya ƙashi. Kuma a daina ɗora leburori a saman lodin azara. Masu babur da ke ɗaure inji a baya, a sa wa takobin kubensa, a juye fetur ɗin ko a rufe shi da kyau.

Ma'aikatan gandun daji su ma da abin hawa suke aiki. Jami'in da aka ba dubban hektoci ya tsare, in babur ɗinsa ba mai, ko motar ofis na kan duwatsu tana jiran taya, to mai yankan dare ya riga shi. Ga matsalar tsaro da ta dabaibaye gandun namun daji na W da kewayensa a 'yan shekarun nan, wadda ta sa sintiri ya yi wuya. Ina kira ga hukumomin gundumomi, kason harajin itace da doka ta ce a mayar wa daji, a gan shi a ƙasa: man sintiri, gyaran babura, da share layukan kare gobara da zarar ciyawa ta fara bushewa. Gobara ɗaya ta watan Disamba na ƙone tsiron da aka yi shekara biyar ana reno, kuma wani lokaci daga salansar babur take tashi, ko daga wutar masu zuma.

Inji na iya gyara ma. Akwai garmar tarakta da ake kira Delfino, ƙirar Italiya, wadda ke haƙa ramukan rabin wata a faƙo don tare ruwa, a yini ta yi abin da mutane da yawa za su yi makonni suna yi, kuma an yi aiki da ita a Nijar. Amma babban aikin farfaɗo da itatuwa da ƙasar nan ta yi suna da shi a duniya da wuƙa da adda aka yi shi. A jahar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture suna gyara shi, har abin ya yaɗu, aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a faɗin ƙasar. Mu a nan aikinmu ya fi nasu sauƙi, domin iri na zuba da kansa. Mai haƙar muruci ya bar wani kaso na ƙwallayen da ya binne su tsira. Manomi ya kafa ƙaya ko kara kewaye da tsiron da ke gonarsa don garmar shanu da taya su kauce. A bar macen giginya mai 'ya'ya a tsaye. Masu azara ma sun san namijin ya fi ƙwari.

Mai gona, in mai inji ya zo maka da tayin kuɗi, ka tambaye shi takardar izini ka gani da idonka, ka duba itace nawa aka rubuta da kuma wane iri. Ka tafi da ɗan kwamitin ƙauye ya nuna waɗanda aka yarda a sare, a sa musu alama. Ku yi magana a kan inda mota za ta tsaya tun kafin ta taso. In babu takardar, ofishin gandun daji na nan cikin garin Gaya, akwai kuma wakilansa a gundumomi, can ake nemanta, kuma a karɓi rasit na duk abin da aka biya.

Nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa wurin masu dafa gishiri a Dallol Foga, mu ji yawan itacen da tukwanensu ke ci da irin murhun da zai rage shi.